Laifin waya ne ko na bulutut? Amsoshi kan kira da murya

Waɗannan tambayoyi na shekarar 2010 ne, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗa: yadda mutum zai danna bulutut (Bluetooth) ɗin kunnensa, ya ambaci suna, waya ta kira ba tare da ya taɓa ta ba. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wayata mai Android 2.1 ce. Na sayi bulutut saboda an rubuta a kwalinsa cewa yana kira da murya. Na haɗa su, ina amsa kira lafiya lau, amma in na danna maɓallin na riƙe, sai ya yi ɗan ƙara ya yi shiru. In mayar da shi in ƙara kuɗi in ɗauki babba?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ko wanda ya fi kowane tsada ka ɗauko, shirun nan za ka sake ji.

Bulutut ɗin kunne bai san sunan kowa ba, ba shi da jerin lambobinka, galibi kuma ba ya gane magana. Ɗan aike ne kawai. In ka danna maɓallin ka riƙe, sai ya aika wa waya saƙo cewa mai gida yana son magana. Daga nan aiki ya koma hannun waya: ita za ta buɗe hanyar murya tsakaninta da shi, ta saurare ka ta makirufonsa, ta nemo sunan, ta kira. In manhajar wayar ba ta san abin da za ta yi da wannan saƙo ba, zancen ya ƙare. Rubutun da ke kan kwali ba ƙarya ba ne, rabin labarin ne.

Abu ɗaya za ka duba a ɓangaren bulutut ɗin. Akwai ƙa'idoji biyu da ake haɗa shi da waya da su, HSP da HFP. Ta farkon tsohuwa ce, amsa kira da kashewa da ƙara sauti ne iyakarta. Ta biyun ce ke ɗauke da umarnin kiran murya da sake kiran lambar ƙarshe. Kusan duk wanda ake sayarwa a 2010 yana da duka biyun, don haka da wuya matsalarka ta fito daga nan.

Matsalar daga Android take. Tun wayar Android ta farko, G1 da ta fito a Oktoban 2008, akwai manhajar kiran murya a ciki, amma ba ta saurare ta bulutut. Haka aka yi ta tafiya har 2.1. Masu Motorola Droid a Amurka sun yi ta ƙorafi a ƙarshen 2009, musamman a jihohi irin su Kalifoniya, inda tun 1 ga Yulin 2008 aka hana riƙe waya a kunne ana tuƙi. Sai a siga ta 2.2, wadda Google ya sanar a watan Mayun 2010, aka toshe wannan giɓi. Abin mamaki ne ƙwarai, domin ƙananan wayoyin Nokia da Sony Ericsson masu maɓallai sun yi shekaru suna wannan aiki.

Saboda haka ka shiga saitunan wayar, ka gangara can ƙasa inda bayaninta yake, ka nemi sabuntawa. Masu HTC Desire, alal misali, sun fara samun 2.2 tun watan Agustan 2010. Sai dai kamfanin da ya ƙera wayar ne ke da ta cewa, wani lokaci har da kamfanin layi, kuma akwai wayoyin da aka bari a baya. In taka tana cikinsu, kuma kiran murya ya zame maka dole, wayar za ka canza.

Tambaya: Aikina na yawo ne, rabin yinina a mota nake yin sa. Ina tsakanin Nokia E71, BlackBerry da iPhone. Wacce ce za ta fi gane sunayen mutanena? Wadda nake da ita yanzu in na ce ta kira Ƙasimu sai ta kira wani daban.

Amsa: Hajiya, dukkansu ukun suna kira ta bulutut, da sharaɗi ɗaya a kan iPhone. Ta farko ta 2007 da 3G ba su da kiran murya kwata-kwata. Daga 3GS ta Yunin 2009 aka fara, ita ma sai da aka sabunta manhajarta zuwa siga ta 3.1 a watan Satumbar shekarar kafin ta yarda ta saurara ta bulutut. In ta hannu za ki saya, ki tabbatar da wannan, don 3G da 3GS kamar an tsaga kara suke.

Batun sunaye kuwa shi ne ainihin tambayar, kuma a nan sabuwar fasaha ba ta yi mana adalci ba. Hanya biyu waya ke bi ta gane suna. A tsohuwar hanya, ke za ki faɗi sunan ta naɗa, ta ajiye shi tare da lambar. Ranar da kika sake faɗa, sai ta gwada sautin da wanda ta ajiye. Ba ruwanta da harshen da kike yi: ki ce Ƙasimu, ki ce Yaya Babba, ki ce mai gyaran mota, duk ɗaya ne a wurinta. Nakasunta shi ne sai kin bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma a wayoyi da yawa gurbin ba shi da yawa.

A sabuwar hanya ba a naɗar komai. Wayar ce ke karanta sunan yadda kika rubuta shi, ta ƙiyasta yadda ake furta shi, sannan ta jira ta ji hakan daga bakinki. Wayoyin nan uku duk haka suke yi. Ƙiyasin kuma da dokokin Turanci ko wani harshen waje ake yin sa, babu wadda aka koya wa Hausa a cikinsu. Ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, ba ta san inda muke ja da inda muke gajartawa ba. Shi ya sa Ƙasimu ke ɓacewa.

A ganina E71 ta fi dacewa da ke, saboda wani ɗan abu da mutane ba su cika lura da shi ba: a cikin jerin sunaye za ki iya sa ta karanta miki yadda take furta kowane suna. Da kin ji, kin san abin da take jira. Ko ki kwaikwaye ta, ko ki gyara rubutun har ya yi kusa da yadda kike faɗa. BlackBerry, da ta fara wannan aiki da Pearl 8100 a 2006, tana da nata alherin: in ta yi shakka takan tambaya ko wane kike nufi kafin ta kira, kuma za ki iya karanta mata lamba da baki. Wanda ya taɓa kiran maigidansa a wurin aiki alhali ƙaninsa yake nema ya san darajar wannan tambaya.

Ko wacce kika ɗauka, ki rage mata wahala. Suna mai gaɓa ɗaya ko biyu ya fi saurin rikita ta, cikakken suna ya fi. In kina da Amina uku, ki bambanta su da wata kalma mai tsawo. In kuma mutanen da kike kira a hanya ba su wuce goma ba, kada ki raina waya mai naɗar murya. Wayoyin HTC masu Windows Mobile da yawa sun zo da irin wannan manhaja ta kamfanin Cyberon. Sai dai ki naɗi sunayen da bulutut ɗin a kunnenki, domin muryar da ke shiga ta cikinsa ba irin wadda ke shiga ta makirufon waya ba ce.

Tambaya: A ɗaki tana gane ni sarai, a kan titi kuma kamar da bango nake magana. Mai tsada zai magance wannan?

Amsa: A nan kam kuɗi yana aiki, Malam. Hanyar da bulutut na shekarar 2010 ke bi ya kai murya siririya ce, irin ta layin tarho, tana yanke saman sauti, inda bambancin s da f yake. Tun kafin iska da ƙarar inji su shigo, wayar tana aiki ne da ragowar muryarka. Don haka ka nemi mai makirufo biyu, ko mai ɗan hannu da ke miƙowa wajen baki irin Plantronics Voyager. Bulutut ɗin Jawbone, da ya fito a 2006, yana da ɗan tsini da ke taɓa kumatu don ya gane lokacin da kai ne ke magana, amma in bai zauna daidai a fuska ba, amfaninsa ya tafi. Ka kuma jira ƙarar farko ta ƙare kafin ka buɗe baki. Mutane da yawa suna cinye rabin sunan kafin wayar ta fara saurare.

Akwai irin su BlueAnt V1 na 2008 da ke gane wasu umarni da kansu, kamar amsa kira ko tambayar ragowar batir. Kada wannan ya ruɗe ka, nemo suna a jerin lambobi har yanzu aikin waya ne.

Tambaya: Mai kunne biyu na jin waƙa zai yi kiran murya?

Amsa: Sai in yana da makirufo, kuma an rubuta HFP a kwalinsa. A2DP da za ka gani ta waƙa ce kawai, sauti take kaiwa kunne, ba ta mayar da murya. Ka je shagon da wayarka, a haɗa su a gabanka, in an nemi lambar haɗi, galibi 0000 ce. Ka saka wayar a aljihu, ka danna ka riƙe, ka ambaci suna mafi wuya a cikin jerinka. In sai ka ciro ta ka taɓa fuskarta kafin kiran ya tafi, ka ajiye musu kayansu.