Tambaya da Amsa: Me ya sa ogana ke sauraron inji da sukundireba?

TAMBAYA: Malam, ina koyon kanikanci a wani gareji da ke Jekadafari, Gombe. Idan aka kawo mota tana ƙara, sai ogana ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa, ya ce boris ne ya mutu. Na tambaye shi, ya ce in zuba ido kawai. Wai asiri ne?

AMSA: Ɗana, ba asiri ba ne, ogan naka ya iya aiki.

Sauti girgiza ce, kuma sai ta sami abin bi take tafiya. A iska tana cin mita 343 a sakan ɗaya, a ruwa wajen 1,480, a ƙarfe kuwa ta haura 5,000. Ƙwayoyin ƙarfe a ɗaure suke tamau, da an taɓa ɗaya na kusa da shi ya ji. Na iska a warwatse suke kamar 'yan kasuwa bayan an tashi. Inda babu iska sam, can sararin samaniya, ko gurneti aka fasa ba mai ji.

Amma ba gudun ne kaɗai ke yi wa oganka aiki ba. Idan ka tsaya gefen inji, ƙarar fanka da ta salansa da surutun gareji duk sun cakuɗe kafin su iso kunnenka. Sukundireba kuwa girgizar wurin da bakinsa ya taɓa yake ɗaukowa, ya miƙo ta ba tare da ta watse ba. Mariƙin kuma yana danne ƙashin kai, ƙashin ya kai ta cikin kunne. Shi ya sa idan ka saurari saƙon muryarka a WhatsApp sai ka ce ba kai ba ne. Ka saba jin kanka ta ƙashi.

Muna yara mun yi irin wannan a layin dogon da ya ratsa Gombe, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Mukan kifa kunne a kan ƙarfen, mu ji zuwan jirgi tun ba a hango hayaƙinsa ba. Ranar da kawuna ya kama ni na sha dorina, kuma da gaskiyarsa. Kada wanda ya gwada.

Kai dai gwada wannan: buga cokali a ƙarshen rodi, abokinka ya sa kunne a ɗaya ƙarshen. Sannan ku saka soson katifa tsakanin rodin da kunnen. Ƙarar za ta dushe, don soso shanye girgiza yake yi.

Ranar da oga ya miƙo maka sukundireban, naɗe hannun riga, ka nisanci fambel da fanka. Fara da inji mai lafiya, don kunnenka ya san yadda yake kuka.