Suna biyo shi har gindin jirgi, amma ba sa kamawa

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce: "Maigida, kwana uku ke nan ina jefa babban kifin roban nan na fatsa, kafaɗata har ta yi tsami. Manyan kifayen bas suna biyo shi har gindin jirgi, su dube shi, su juya. Ko dai in koma kan ƙananan da na saba kamu da su?"

Kada ka koma tukuna. Waɗannan da suka biyo ka sun riga sun biya ka ladan kwana ukunka, don sun nuna maka gidajensu. Ƙaramin kifin roba ba zai taɓa fito maka da su fili haka ba. Abin da ya rage shi ne ka gane dalilin da ya sa suke juyawa, kuma na lura da kai jiya, na ga dalilin da idona.

Sai ka fara sanin inda abin ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1980, a tafkunan kudancin Kalifoniya irin su Castaic da Casitas, hukuma kan zuba kifin tirawut saboda masu fatsa. Manyan bas suka mai da shi abincinsu, suna haɗiye mai tsawon inci 8 ko 10 kamar ba komai ba. Masunta suka ga haka, suka shiga sassaƙa kifin bogi mai wannan girman. Allan Cole ya yi nasa na katako, AC Plug, daga baya aka samu na roba mai laushi irin Huddleston, Japanawa kuma suka ƙware a mai gaɓa ɗaya wanda ke tafiya yana karkata dama da hagu, irin Deps Slide Swimmer 250. Duk hikimar guda ce: tsohuwar bas, domin manyan nan kusan duk mata ne, ba ta son wahalar kanta a kan loma goma ƙanana in za ta sami babba guda a sauƙaƙe.

To, riƙe kalmar nan, a sauƙaƙe. Kai kuwa gudu kake sa shi. Kana naɗe zare kamar mai tsoron kada wani abu ya taɓa maka kaya. Kifin da ke iyo da ƙarfinsa a tsakiyar ruwa, babu abin da ya tare shi gaba ko baya, bas ta san kama shi aiki ne. Za ta raka shi don ta gani, amma ba za ta buɗe baki ba. Rage hannu har sai ka ga wutsiyar tana kaɗawa da kyar. In ka ji a ranka ka yi sanyi da yawa, ƙara ragewa kaɗan. Shi ya sa nake ba ka injin naɗi mai jinkirin juyi, don ya riƙe maka hannunka.

Sai wurin jifa, kuma nan ne aikin yake. Babbar bas ba ta cika farauta a sarari ba, ta fi son ta sami abin da za ta matse abincinta a jikinsa: dutse, kututturen itace da ruwa ya ci, bakin ciyawa, ƙasan tafki, ko ma saman ruwan kansa. Ka tsayar da jirgi a wajen tudu, kusa da gaɓa, ka jefa cikin zurfi, ka jawo shi yana hawowa yana gogar ƙasa. Kowane taku sararin da ya rage masa yana ƙuntata, ita kuma ta san lokacinta ya yi. In ka jefa daga zurfi zuwa gaɓa, kana janye shi ne daga inda za ta matse shi zuwa inda zai tsere. Lambar da ke jikin Huddleston tana taimaka maka a nan: mai lamba 12 yana nutsewa kimanin ƙafa 12 cikin daƙiƙa 10, mai lamba 5 ƙafa 5. Ƙirga a ranka, ka san zurfin da yake kafin ka fara naɗi.

In ta biyo, kada ka tsaya cak, kada kuma ka miƙe kana nuni. Na taɓa yin wannan kuskuren ina matashi. Wata ƙatuwa ta taso a bayan nawa, bakinta bai fi tafin hannu ɗaya daga wutsiyarsa ba, ina ganin baƙin layin gefenta a cikin ruwa garau. Zumuɗi ya sa na miƙe tsaye, inuwata ta faɗa kanta, ta nutse a hankali kamar dutse, ban sake ganinta ba ranar. Kifi na ganinka, mai jar koma. Durƙusa, ka sa ido, ka canza wani abu tun tana nesa da jirgi. In kifin bogin mai gaɓa ne, yi rabin juyi biyu da sauri ka saki zare, zai waiwayo ya fuskance ta, sau da yawa a nan take kai hari. In mai laushi ne, ƙara gudu na ɗan lokaci kamar ya tsorata. In ta ƙi duk da haka, bar ta. Ka riƙe wurin a kanka, ka dawo lokacin da iska ta yamutsa saman ruwa, ko hadari ya rufe rana, ko gab da faɗuwar rana, ka jefa ta wata kusurwa dabam. Ruwan da ya kwanta lif da tsakar rana yana ba ta damar ƙare wa kayanka kallo. Lokacin da na fi so a shekara shi ne gab da su yi ƙwai, sa'ad da ɗumin ruwa ke tsakanin digiri 10 da 15 a ma'aunin Salshiyos.

Kayan aiki ba sai na daɗe a kai ba. Sanda mai ƙarfi ta kusan ƙafa 8, zaren fuluorokabon, wato irin wanda ba a cika ganinsa a ruwa ba, mai ɗaukar laba 20 zuwa 25. Kada ka finciki jifa kamar yadda kake yi da ƙanana, abu mai nauyin fiye da giram 100 zai tsinke zare ya tafi abinsa. Lilo shi za ka yi daga gefe, sanda ta ɗauki nauyin. Ka riƙa shafa zaren kusa da ƙulli, in ka ji kaushi yanke ka sake ɗaurawa, ka gwada kaifin ƙugiya a kan farcenka.

Ranar da ta kama, za ka ji ko dai duka ɗaya mai nauyi, ko kuma nauyin ya ɓace gaba ɗaya domin ta haɗiye shi tana tahowa wajenka. Ci gaba da naɗi har sanda ta lanƙwashe, sannan ka ja gefe da ƙarfi. Daga nan babu wasa da ita. Nauyin kifin bogin nan shi ne makaminta: in ta yi tsalle ta girgiza kai, shi zai fizge ƙugiyar daga bakinta. Sa kan sanda ƙasa, har cikin ruwa in ta kama, kada ka daina naɗi ko na ƙiftawar ido, homa kuma ta kasance a buɗe kusa da ƙafarka tun kafin jifan farko. In ka ɗaga ta, hannu ɗaya a leɓenta na ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin cikinta, don nauyinta kada ya ɓata mata muƙamuƙi, ka mai da ita ruwa da wuri.

Gobe ka bar akwatin ƙananan a gida. Mu fara da tsinin dutsen nan inda biyu suka biyo ka jiya, ni zan riƙe jirgi a wajen gaɓa, kai ka jefa cikin zurfi.