Tambayoyinku: Abokinmu yana ɓata mana wasa, kuma a gidansu muke yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Dan Allah shawara nake nema, nasan ba irin tambayar da aka saba turowa bace amma abin ya dameni. Mu biyar ne muke wasan Dungeons & Dragons duk Asabar bayan la'asar, a manhajar hira ta Discord muka fara lokacin kullen korona, yanzu kuma muna haɗuwa ido da ido. Ni ne DM, wato ni nake jan labarin. Ɗaya daga cikinmu karaktansa ɓarawo ne a wasan, toh shikenan ya samu lasisin yin duk abinda yaga dama. Satin da ya wuce na ɓata lokaci na shirya wani tsoho mai kanti wanda zai basu taswirar hanya, tsohon ko gaisuwa bai gama ba yace shi ya soka masa wuƙa ya kwashe kuɗin, labarin ya tsaya cak. Yana satar kayan sauran in karaktocinsu sunyi barci, in anyi magana yace "ai halin karaktana ne, ya zanyi". In ba layinsa bane yana kan waya yana kallon ƙwallo, in layi yazo kansa sai an maimaita masa komai, ga gardamar doka kamar lauya. Yanzu mutum ɗaya yace in dai zai zo shi ya daina zuwa. Matsalar a falon gidan su mai ɓarawon muke yi don suna da sola, kuma abokina ne tun sakandare. Ina tunanin in turo masa dodo ya kashe karaktan kowa ya huta. Ya kake gani? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗan yiwa sauran masu karatu bayani tukuna, don da yawa basu san wasan ba. A Amurka aka fara fitar dashi a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro shi, yanzu kamfanin Wizards of the Coast ke da shi, kuma bugu na biyar da ya fito a 2014 shi ne ya fi yaɗuwa. Ana zama ne a kewaye tebur, mutum ɗaya yana bada labari yana riƙe da duk mutanen da ke cikin duniyar labarin, sauran kowa da karaktansa guda, ka faɗi abinda karaktanka zai yi sai a jefa dais mai fuska 20 a ga ko ka dace. Ba kuɗi ake sawa ba kuma babu wanda ke cinye wani. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro suke da baki a cikinta, shi yasa mutum ɗaya in ya so zai iya wargaza ta gaba ɗaya.

Maganar dodo kuwa, dan Allah ka ajiye ta. Nasan zuciya ce, ka zauna ka shirya abu an zo an watsa maka shi cikin minti ɗaya dole kaji haushi, amma karaktan ba shi ke damunka ba, wanda ke riƙe da shi ne. Ka kashe ɓarawon yau, sati mai zuwa zai zo da sabuwar takarda da sabon suna, hali kuma yana nan yadda yake, ƙari ma yanzu yana da hujjar cewa DM ya tsane shi. Sannan sauran ukun suna kallo. Ranar da suka gane kana amfani da ikon da ke hannunka don rama haushi, duk abinda ya samu karaktocinsu daga ranar zasu riƙa tunanin ko dai suma sun maka laifi ne, kuma wasan nan gaba ɗaya akan yarda da DM yake tafiya. Dokar wasan ta baka kalmar ƙarshe a tebur, gaskiya ne, amma don labari ya cigaba aka baka.

Wannan magana tasa ta "halin karaktana ne" ita nafi so mu tsaya akai, don duk inda ake wasan nan a duniya ana jinta, kuma tana ɗaure wa masu jan labari kai saboda tana kama da gaskiya. Toh waye ya rubuta halin? Shi ne. Shi ya zauna da biro ya zaɓi cewa mutumin nan zai riƙa yiwa abokan tafiyarsa sata, ba daga sama aka saukar masa ba. Ɓarawo a wannan wasan aikinsa buɗe kwaɗo, gano tarko kafin ya kama mutane, leƙen asiri, da kai hari ta inda abokin gaba bai zata ba, duk don amfanin tawagar. Babu dokar da ta wajabta masa cutar nasa. Kuma ka tambaye shi, wane mahaluki ne zai cigaba da kwana daji ɗaya da wanda ke laluben jakarsa kullum? In halin karakta ake bi, ai tuni sauran karaktocin sun ɗaure shi a bishiya sun yi gaba. Abinda ya hana su shi ne kunyar abokinsu da ke zaune a gefensu, kaga kenan kara suke masa shi kuma baya musu.

Abinda zaka yi, ka same shi ku biyu, ba ranar wasa ba, ba a group ɗin WhatsApp ba, kuma kar ka tara masa mutane don mutum in aka titsiye shi gaban abokai kare kansa kawai zai yi ko da yasan bashi da gaskiya. Ku fita shan shayi ko ka raka shi wani wuri. Kar kace "kana ɓata mana wasa", wannan zagi zai ji. Ka kawo abu ɗaya takamaimai, kace masa ranar da ka kashe mai kantin nan na ji ba daɗi don na daɗe ina shirya shi, kuma naga jikin kowa yayi sanyi. Kar ka ce wane yace kaza, kayi magana da bakinka. Sai ka tambaye shi me yake jin daɗinsa a wasan, kayi shiru ka saurara da gaske.

Na ce ka saurara ne don ina zargin gundura ce ke damunsa. Duba fa, a doka zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a cikin labari, amma a tebur kafin layi ya zagayo kan mutum sai ayi minti goma ko fiye in ana duba littafi ana lissafi. Wani zai iya jira, wani hannunsa zai tafi waya, wani kuma zai soka wa mai kanti wuƙa don dai a juyo a kalle shi. In ya ce maka shi doguwar hira ce bata masa, toh wannan gyaranka ne kuma mai sauƙi ne, ka riƙa saka masa abinda sai ɓarawo zai iya, gidan wani attajiri da za'a shiga cikin dare, ko wasiƙar da za'a zaro daga aljihun dogari, abinda sauran zasu zuba masa ido suna fatan dais ɗinsa ya faɗi da kyau. In layi ya kusa zuwa kansa ka kira sunansa kace kai ne na gaba, shirya.

Bayan kun gama ku biyu sai ka kira zaman kowa da kowa wanda ba'a wasa a cikinsa. Masu wasan suna kiransa zaman sifili, kamfanin ma ya sa bayaninsa a littafin ƙarin dokoki da ya fitar a 2020. Kamata yayi ayi shi tun farko, tun ran gini ran zane, amma ko yanzu bai ɓaci ba. Ku yarda akan abubuwa kaɗan da zasu hau kan kowa har kai: babu sata ko kai hari tsakanin karaktoci sai wanda za'a yiwa ya amince, waya a ajiye sai in an tashi sallar magariba, gardamar doka minti ɗaya DM ya yanke a wuce, in an tashi a buɗe littafi a duba, in kaine kayi kuskure ka gyara a zama na gaba. Wasu teburan suna ajiye kati mai alamar X a tsakiya, wani mai suna John Stavropoulos ne ya fito da tsarin, duk wanda abu ya masa nauyi ya taɓa katin a canza hanya ba sai yayi bayani ba. Zaku iya gwadawa in ya muku.

Shi kuma wanda yace zai daina zuwa ka kira shi yau ɗin nan, kace masa ka ji kuma kana kan maganar, ya baka sati biyu ko uku. Irinsu masu haƙuri su ake fara rasawa saboda basa hayaniya.

Maganar falo da sola, ina ganin ita ce ta ɗaure maka baki tun tuni. Ku fara juya wurin zama tun yanzu, wannan satin gidan wane wancan satin gidan wane, wasan nan takarda ne da fensir da dais, ko tsakar gida akan tabarma za'a yi shi da hasken la'asar. In kun yi duk wannan ya cigaba, sai ka sake samunsa ku biyu ka faɗa masa kai tsaye cewa irin wasan da yake so da wanda sauran suke so ba ɗaya bane, don haka wannan labarin zaku ƙarasa shi ba da shi ba. Kar ku buɗe wani group a ɓoye ku ce masa an daina wasa, Kaduna ba girma gareta ba a wajen irin wannan, zai ji, kuma ƙaryar zata fi cire shin zafi. Kallon ƙwallo da ziyara da sauran zumuncinku kar ka rage ko ɗaya, satin da ka faɗa masa ma kai ka fara nemansa.