Ciwon damuwa gado ne? Amsa ga wata 'yar'uwa daga Tsafe

Tambaya: Likita, innarmu ta yi ciwon damuwa bayan rasuwar babanmu, yanzu kuma yayata tunda 'yan bindiga suka ɗauke mijinta ta daina ci ta daina barci, an biya kuɗin fansa ya dawo amma ita har yau ba ta dawo daidai ba. Gado ne? Ni ma zan yi kenan?

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya ba yayarki lafiya. Gaskiya akwai gado a ciki amma ba irin yadda kike tsoro ba. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana ɗaukar kusan kashi 37 cikin 100 na haɗarin kamuwa, saura kuma abin da rayuwa ta zo wa mutum da shi ne. Wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ciki ɗaya ya yi ciwon, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau 2 zuwa 3, duk da haka mafi yawansu har su tsufa ba sa yi.

Abin da ake gada saurin kamuwa ne, kamar busasshiyar ciyawa a rani, sai an samu wuta take ci. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Kenneth Kendler ya yi bincike kan tagwaye mata a Amurka, a 1995 ya wallafa cewa mutuwar makusanci, duka ko farmaki, rikicin aure da saki suna tayar da ciwon ga kowa, sai dai sun fi kayar da mai gadon. Kuma kar ki manta gida ɗaya kuke, tashin hankali ɗaya kuka sha, rashin kwana da sayar da gona don haɗa fansa duk tare, wannan ma yana sa ciwo ya yi kama da gado.

Yayarki ce ta fi damuna yanzu wallahi. Baƙin ciki da rashin sha'awar komai in sun wuce sati 2 a jere ya zama ciwo, ba rashin tawakkali ba ne, a daina ce mata ta yi haƙuri kawai. A ci gaba da addu'a amma ku kai ta asibitin tarayya na Gusau (FMC) ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Magani irin su fluoxetine yakan ɗau sati 2 zuwa 6 kafin a ga sauƙi, kar ta bari don ba ta ga canji a satin farko ba. In ta fara cewa gara ta mutu, kar a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti ranar. Ke kuma in kin samu ciki ki gaya wa ma'aikatan awo tarihin gidanku, don bayan haihuwa ma yakan taso.