Ni ma Map ce ta kusa raba ni da aikina

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce a sabarka ta Node (mai gudanar da JavaScript) kana ajiye bayanan kowane socket, wato haɗin mai amfani da sabar, a cikin Map (ma'ajin da ke haɗa makulli da bayani), RAM na ta hawa, sabar tana mutuwa duk bayan kwana biyu, kana tambaya ko ka koma WeakMap. Wallahi na sha wannan wahalar.

Tawa cikin dare ta faɗi, a ƙarshen wata, lokacin da jama'a suka fi shiga. Ƙarfe 2 oga ya kira ni, ga ba wuta, batirin kwamfuta saura kaɗan. Washegari a gaban kowa ya ce ban san aikina ba. Alhali babbanmu ne ya rubuta layin da ke ajiye socket a Map, na nuna masa, ya ce in bar shi haka. Yana zaune ana wanke ni, bai ce uffan ba. Da aka tambaye shi mafita, wai a ƙara --max-old-space-size, wato a ɗaga wa Node iyakar RAM ɗin da zai ci. Wannan jinkirta mutuwar kawai yake yi. Har yau in na tuna shirun nan nasa sai raina ya ɓaci.

E, ka koma WeakMap, tun ES2015, fitowar JavaScript ta 2015, take nan. Map tana riƙe makullinta gam, mai kwashe shara (garbage collector, mai share abin da aka daina amfani da shi daga RAM) ba zai taɓa socket ɗin ba ko da ya daɗe da rufewa. A WeakMap kuwa, da zarar ba mai riƙe da shi, shi da bayanansa za su iya tafiya. Amma socket ɗin kansa za ka sa makulli, ba lambar id ba, in ba haka ba kuskuren TypeError za ka gani. Kuma ba ta da size, ba ta da forEach, wato ba za ka iya ƙirga abin da ke ciki ko ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. In kana aika saƙo ga kowa, dole ka riƙe jerin socket ɗin a cikin Set, ka riƙa cire kowanne idan ya rufe.

Ni bayan na canja ma RAM ba ta sauka ba, na kusa kuka. Ashe wani setInterval (aikin da ke maimaita kansa lokaci-lokaci) da ban kashe ba ne ke riƙe da socket ɗin. Ka tayar da Node da --inspect, ka ɗauki hoton heap (abubuwan da Node ya ajiye a RAM) sau biyu a Chrome DevTools, ka duba Retainers, zai nuna maka mai riƙon.

Don Allah duk gyaran da aka hana ka yi, ka sa a rubuta maka. Kuma kar ka dogara da FinalizationRegistry (mai sanar da kai in an kwashe abu daga RAM) wajen rufe komai, ba tabbas za a kira shi. Turo wurin da kake saurarar close, wato sanarwar rufewar socket, mu duba tare.