Amsa kan na'urar ƙarin jini da sauri da daskarewar jini

Malam, ka tambaya ko na'urar nan da ke tura jini jikin mara lafiya da sauri tana lalata ƙarfin daskarewar jinin da aka bayar. Tana taɓa shi kaɗan, amma ba ita ce babbar matsalar ba.

Jinin leda ana ajiye shi ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 6, to ka ga mace ta haihu jini ya ɓalle, ko an kawo mai haɗarin mota daga hanyar Gusau, in aka zuba masa leda bayan leda da sanyinsa jikinsa zai yi sanyi, kuma jini mai sanyi ba ya daskarewa da kyau, zubar sai ta ƙaru. Ita na'urar irin su Belmont tana ɗumama jinin kusan digiri 37 kafin ya shiga, wannan kuwa taimako ne babba wallahi.

Inda ake taka-tsantsan shi ne filatilet, ƙwayoyin da ke fara toshe rauni. Matsin famfo da tacewa na iya rage yawansu, shi ya sa galibi ake ba su ta wata jijiya daban.

Abin da ni ya fi damuna sitiret ne, sinadarin da ke cikin leda don hana jini daskarewa. Yana kame kalsiyom ɗin jiki, sinadarin da jini ke buƙata kafin ya daskare, in jini ya shiga da yawa cikin gaggawa kalsiyom sai ya faɗi, dole a riƙa aunawa ana mayarwa. Kuma jajayen ƙwayoyi kaɗai ba su isa, sai an haɗa da filasma, wato ruwan jini mai ɗauke da sinadaran daskarewa.