Farin zaren nan da ka gani a ƙasa, kar ka yi masa feshi

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaga ruɓaɓɓen ganye a gonar dankalinka ta Lamingo ka ga farin abu kamar saƙar gizo, kana tambaya ko ka fesa magani. Don Allah ka riƙe kuɗinka. Farin abin nan funfuna ce, ita ke cinye ruɓaɓɓen ganye da karan masara ta maida su taki, ka ɗebo ƙasar da hannu ka shinshina, za ka ji ƙamshi irin na ruwan farko.

Akwai ma wata irin da ido baya gani, masana na ce mata maikoraiza, tana shiga cikin saiwa ta miƙa siraran zare nesa inda saiwar ba ta kaiwa, ta jawo wa shuka ruwa da fosfaras (wani sinadarin abincin shuka), ita kuma shukar ta biya ta da suga. Masara, dankali, wake, albasa duk suna wannan cinikin da ita, amma kabeji baya yi, shi yasa ni bana maimaita kabeji a kunya ɗaya, sai in bi bayansa da masara ko wake.

Abin da ke raunana maikoraiza shi ne huɗa mai zurfi duk shekara, da barin gona tsirara, sai kuma zuba takin zamani na NPK mai ɗauke da fosfaras kamar ba gobe, don in fosfaras ya yi yawa shuka sai ta daina kula ta. Ni na rage takin zamani na ƙara kashin shanu.

Amma fa in baƙi-baƙi ka gani a ganyen dankali cikin damina, wannan cuta ce, maganar daban ce, turo hoto mu gani.